Babbar Majami'ar Fulda

Babbar Majami'ar Fulda, wadda aka keɓe da sunan Mai Ceto, majami'ar Katolika ce da ke birnin Fulda a jihar Hesse ta ƙasar Jamus. An gina ta da salon barok, wato salon ginin Turai mai yawan ado, tsakanin 1704 da 1712 don ta zama cocin gidan sufayen Benedikt na garin, kuma a cikinta kabarin Waliyyi Boniface yake, mutumin da ake wa kirari da manzon Jamusawa.

Ginin farko

Sturmius, almajirin Boniface, shi ne ya kafa gidan sufayen a 744. Bayan kashe Boniface a ƙasar Frisiya, arewacin Netherlands ta yau, a 754, sai aka kawo gawarsa Fulda, masu ziyara kuwa suka yi ta tururuwa har ƙaramin cocin farko ya kasa ɗaukarsu. Wajen 791 aka fara sabon gini ƙarƙashin jagorancin wani sufi magini mai suna Ratgar, wanda daga baya ya zama shugaban gidan. Ratgar ya ɗauko fasalin tsohuwar majami'ar Waliyyi Bitrus ta Roma, ya yi wa ginin dogon sashe da ya gitta shi ta yamma, inda aka ajiye kabarin, kuma ana ɗaukar wannan coci a matsayin mafi girma a arewacin tsaunukan Alps a zamaninsa. Sai dai aikin ya gallabi sufaye, suka kai kuka ga sarki, aka tuɓe Ratgar a 817. Magajinsa Eigil ne ya ga keɓe ginin a 819.

Ginin barok

A ƙarshen ƙarni na 17 tsohon cocin ya riga ya sha gobara da gyare-gyare. Adalbert von Schleifras, wanda ya haɗa shugabancin sufaye da sarautar yankin Fulda, ya ɗanka aikin sabuntawa ga Johann Dientzenhofer, ɗan gidan magina da suka yi suna a Bohemiya da Frankoniya. Maginin ya ziyarci Roma gab da fara aikin, tasirinta kuma a fili yake cikin ginin. An keɓe sabon cocin ranar 15 ga Agusta, 1712.

Abin lura shi ne Dientzenhofer bai share tsohon ginin baki ɗaya ba. Ya ɗora nasa a kan wani ɓangare na tsohon harsashi, ya kuma bar cocin da bagadinsa a yamma da ƙofarsa a gabas, saɓanin al'adar yawancin majami'un Turai, domin kabarin ne ya tsara wa ginin alkibla tun asali. Tsawonsa ya kai mita 99, ƙubbarsa ta tashi mita 39, hasumiyoyi biyu masu mita 65 kuma suna tsaye kusa da juna a fuskar gabas, inda mutum-mutumin Boniface da na Sturmius suke tsaye cikin gurbin bango.

Cikin ginin fari ne fat, ba a cika shi da ruwan zinariya kamar wasu majami'un barok na kudancin Jamus ba, don haka baƙin marmara na ginshiƙan babban bagadi ya fito sosai. Johann Neudecker mai sassaƙa da Giovanni Battista Artari mai adon farar ƙasa ne suka yi wannan bagadi, wanda ke nuna ɗaukar Maryamu zuwa sama. A ƙarƙashinsa ne ɗakin kabarin yake, kuma a jikin bagadin da ke can an sassaƙa yadda aka kashe waliyyin.

Bayan nan

Paparoma Benedict na 14 ya mai da Fulda mazaunin bishop a 1752, cocin ya zama babbar majami'a, gidan sufayen kuwa aka rushe shi a farkon ƙarni na 19. A watan Yunin 1905, ana bikin tunawa da rasuwar Boniface, wasan tartsatsin wuta ya kunna wa ɗaya daga cikin hasumiyoyin gobara, ƙararrawa biyu, Osanna da Bonifatius, suka lalace. Hare-haren sama na Yaƙin Duniya na Biyu ma sun taɓa ginin, gyaransa ya kammala a 1954.

Bishop-bishop na Jamus sun saba taruwa a Fulda tun 1867.