Ben Uri (gidan baje kolin zane-zane na Landan)

Ben Uri gida ne na baje kolin zane-zane da ke birnin Landan, a Ingila. Yahudawa 'yan ci-rani ne suka kafa shi a 1915 a unguwar Whitechapel, a gabashin birnin. A 2015 akwai ayyuka sama da 1,300 a cikin taskarsa, amma da yake bai taɓa samun zauren da zai ɗauke su gaba ɗaya ba, ya shahara da baje koli na ɗan lokaci, a kwashe wannan a jera wancan.

Suna

An samo sunan ne daga Bezalel ɗan Uri, gwanin sassaƙa da ƙira na kabilar Yahuza, wanda Littafin Fitowa na Attaura ya ce shi ya ƙera Akwatin Alkawari a zamanin Annabi Musa. "Ben" a harshen Ibrananci na nufin "ɗan". Makarantar zane ta Bezalel da aka buɗe a Kudus a 1906 ma sunan wannan mutum take ɗauke da shi.

Tarihi

Daga wajajen 1880 zuwa barkewar Yaƙin Duniya na Farko, Yahudawa masu yawa sun gudo daga daular Rasha saboda kisan gilla da talauci, suka yada zango a Whitechapel. Akasarinsu teloli ne da kafintoci da ƙananan 'yan kasuwa masu magana da harshen Yiddish. A cikinsu ne Lazar Berson, mai zane da ya taso daga Faris, ya tara jama'a a watan Yulin 1915 aka kafa ƙungiyar Ben Uri. Berson bai daɗe ba, wajen 1916 ya bar Landan, ya bar wa sauran 'yan ƙungiya aikin.

Da karo-karon 'yan unguwa aka soma sayen zane. A 1920 ƙungiyar ta sayi ayyukan David Bomberg, ciki har da Ghetto Theatre, wanda ke nuna 'yan kallo a cunkushe a gidan wasan kwaikwayon unguwar. Wannan ciniki ya zo a kan gaɓa, domin a lokacin Bomberg ba shi da masu saye sosai. Shi da Mark Gertler da Isaac Rosenberg, marubucin waƙoƙi kuma mai zane, suna cikin matasan da daga baya aka yi wa laƙabi da "Samarin Whitechapel".

Ƙungiyar ta sha ƙaura. A 1925 ta nuna taskarta a Great Russell Street, kusa da gidan tarihi na British Museum. Daga wajen 1934 ta soma baje kolin shekara-shekara na masu zane Yahudawa, kuma wannan ya zama ƙofar shiga ga waɗanda suka tsero daga Jamus da Austriya a zamanin Hitler, mutanen da suka iso ba su san kowa ba, ba su da inda za su rataya zane. A 1944 ta samu mazauni a Portman Street. Daga wajen 1964 ta koma Dean Street a Soho, cikin ginin wata majami'ar Yahudawa, ta zauna sama da shekara 30 har aka sayar da ginin a tsakiyar shekarun 1990. Bayan 'yan shekaru ba mazauni, an farfaɗo da ita ƙarƙashin jagorancin David Glasser, ta buɗe ƙaramin zaure a Boundary Road, unguwar St John's Wood, a farkon shekarun 2000.

Baje koli

Ƙanƙantar zauren ce ta tsara yadda ake aiki: kowane baje koli yakan ɗauki mutum ɗaya ko jigo ɗaya, ya yi 'yan watanni, wani lokaci a kai shi wasu garuruwa. An yi na Gertler a 2002, na Rosenberg a 2008. A 2010 an nuna zanen Marc Chagall na 1945, Apocalypse en Lilas, Capriccio, wanda ke nuna Yesu a gicciye da wani ɗan Nazi a ƙasan giciyen. Nuna hotunan giciye a gidan Yahudawa ya jawo ce-ce-ku-ce. Bikin cika shekara 100 kuwa, mai suna Out of Chaos, a Somerset House, wani babban gini a tsakiyar Landan, aka yi shi a 2015. Daga nan aka faɗaɗa jigon ya haɗa da masu zane 'yan gudun hijira ko da ba Yahudawa ba ne.

Sayar da ayyuka

A 1984 ƙungiyar ta sayar wa Tate, babban gidan adana zane-zane na Birtaniya, zanen Gertler mai suna Merry-Go-Round. A 2018 ta kai wasu ayyuka gwanjo a Sotheby's, abin da ya sa wasu masu ba ta shawara suka yi murabus.

A yau

Yawancin aikinta ya koma intanet da binciken tarihin masu zane 'yan ci-rani a Birtaniya tun daga 1900.