Daga tukunyar sirace zuwa ƙwayar kullum: tambayoyi kan maganin gida da ciwon girma

A gidan kakata a Kumo, in zazzaɓi ya kama yaro ba a dogon zance. Ta ɗora tukunya, ta zuba ganyen dogon yaro da na gwaiba da na mangwaro, ta yanka lemon tsami a kai. In ya tafasa sai a zaunar da kai, a lulluɓe ka da bargo har gumi ya karyo. Mura kuwa citta ce da kanumfari da masoro, a shafa maka man shanu a ƙirji. Yau na haura hamsin, shekara tara ke nan ina shan maganin hawan jini. Tambayoyin nan su nake yawan ji a bencin jiran likita da majalisun Gombe, wasunsu ni ma na yi su.

Magungunan da aka yi mana muna yara, da gaske suna aiki?

Da yawansu suna yi, amma a san irin aikin. Tururi yana buɗe hanci, zuma tana lafar da tari, man kaɗanya yana gyara fatar da hunturu ya farfasa. Mura da ƙaramin ciwon ciki kuwa baƙi ne, ko an yi musu magani ko ba a yi ba za su gama kwanakinsu su wuce. Abin da kakanninmu suka iya shi ne jinya: su sa ka kwanta, su ɗura maka kunu, su kwana a kanka. Ba na yarda a raina wannan.

Tsirrai ma ba abin rainawa ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau a asibiti daga dangin tazargade aka ciro sinadarinsa, kuma Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami lambar Nobel a 2015 saboda wannan aikin. Metformin na masu ciwon suga shi ma asalinsa wani tsiro ne na Turai. Bambancin shi ne an tace, an auna, an san nawa ne ke magani, nawa ne ke illa.

To me ya hana su warkar da hawan jini ko suga?

Waɗannan ba baƙi ba ne, 'yan gida ne. Mun taso da sanin cewa ciwo yana zuwa, a sha magani, a ji sauƙi, a ajiye ƙwarya. Hawan jini ba ya bin wannan tsarin. Mutum zai iya yin shekaru awonsa ya wuce 140 bisa 90, yana zuwa gona, yana zuwa kasuwa, ko ciwon kai babu, alhali jijiyoyi da ƙoda da zuciya suna cin wuya a ɓoye. Suga ma haka: in an auna da safe kafin a ci komai aka samu 126 ko fiye, aka maimaita aka sake samu, ciwon ya tabbata ko da jiki garau yake.

Ni kaina na faɗa wannan ramin. A shekarata ta biyu na ji ƙarfi, na ce na warke, na ajiye amlodipine na koma tafarnuwa da zoɓo. Wata uku na yi a haka. Ranar da jiri ya ɗebe ni a bakin shago aka auna ni, awon ya fi na ranar da aka fara gano ciwon. Ƙarfin da na ji, ashe ƙwayar ce ta ba ni shi.

Amma ai an ce zoɓo yana saukar da jini?

Yana saukarwa kaɗan, bincike ya nuna haka. Sai dai zoɓon da ake nufi ba na ƙullin leda ba ne da aka cika wa sukari. Kuma kaɗan ɗin ba ya maye gurbin ƙwaya ga wanda jininsa ya yi sama sosai. Zogale da shuwaka abinci ne masu kyau, a ci kwaɗo, a sha miya. Inda haɗari yake shi ne mai suga da ke shan ƙwayar glibenclamide ko mai allurar insulin ya ƙara da jiƙo mai ƙarfi kuma bai ci abinci ba. Suga na iya faɗuwa ƙasa da 70, sai karkarwa da gumi da ruɗewa, wani har ya suma. A nan ruwan sukari ko dabino ake ba shi nan take, muddin yana iya haɗiya.

Ka gaya wa likita abin da kake sha a gida. Mutanenmu suna ɓoyewa don gudun faɗa, shi kuma sai ya yi ta canza ƙwaya bai san da jiƙon ba.

Kanwa fa? Ai da ita aka raine mu.

Wannan ta fi yi mini wuyar bari, domin miyar kuka ba kanwa sai a hankali. Amma kanwa 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke tayar da jini a gishiri yana cikinta, yana kuma cikin dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin miya da yaji da burodi. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. A gidana an rage dunƙule, an ƙara daddawa da albasa. Makon farko na yi ta ƙorafi, daga baya harshe ya saba.

Gwiwa da baya sun hana tsohuwa barci. A sayo mata haɗi a kemis?

Don Allah a'a. Haɗin nan yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, waɗanda in aka ɗore da su suna tayar da jini, su ci ciki, su raunana ƙoda. Wani haɗin har da dexamethasone, mai kumbura fuska da haukata suga. Haka gorar da ake tallarta da lasifika a tasha, wadda aka ce tana maganin basir da sanyi da suga da hawan jini a lokaci guda. Ko da lambar NAFDAC a jikinta, lambar ba shaida ba ce cewa tana warkar da abin da mai talla ya lissafa. Gashi da tsumma mai ɗumi, tausa da man kaɗanya, da ɗan tattaki bayan Asuba, waɗannan dabarun gida ne da ba su da illa ga gwiwa.

Mai suga dai ya kiyayi gasa ƙafa. Ciwon yana kashe jin tafin ƙafa, sai mutum ya miƙa ta gaban kaskon wuta da sanyi ya ƙone bai sani ba. Kada a kankare masa kaushi da reza. A duba tsakanin yatsu kullum da dare, in an ga ƙaramin miki a nufi asibiti, ba a barbaɗa garin bagaruwa a zuba ido ba.

In baki ya karkace ko hannu ya saki farat ɗaya, ba iska ba ce?

Shanyewar ɓarin jiki ce, jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. A yi addu'a, amma a cikin mota ana tafiya. Kada a ɗura masa rubutu ko ruwa, domin haɗiya na iya lalacewa ya shaƙe. Wanda ke cikin garin Gombe ya nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru, na Dukku ko Bajoga ko Kaltungo ya fara da babban asibitin garinsa.

Azumi ya gabato, yaya mai shan ƙwaya zai yi?

Ya je ya ga likita tun cikin Sha'aban, a gyara masa lokutan sha zuwa sahur da buɗe-baki. Wani za a rage masa, wani a ce masa bana ya ciyar. Ni tawa ƙwaya ɗaya ce, nakan sha ta bayan Magariba, kafin matata ta miƙo mini kunun tsamiya.