Shasin tirelar tafi-da-gidanka mai ƙafa ta biyar

Tirelar tafi-da-gidanka mai ƙafa ta biyar gida ne a kan tayoyi wanda motar a-kori-kura ke ja, ana kwana a ciki, ana girki, ana wanka. An fi saninta a Amurka da Kanada, inda masu yawon shaƙatawa da waɗanda suka yi ritaya da ma'aikatan da aiki ke kai su gari-gari suke amfani da ita. Abin da ya bambanta ta da sauran tirelolin kwana shi ne wurin da ake ɗaura ta. Gabanta yana da wuya da ya ɗaga sama ya hau kan bayan motar, a ƙarƙashin wuyan kuma akwai wani gajeren turken ƙarfe mai kaurin inci 2 da ke shiga cikin faifan ƙarfe da aka kafa a bodin motar, daidai saman aksil na baya. Irin haɗin nan ne ake gani tsakanin kan mota da tirela ko tankar mai a hanyar Kano zuwa Legas, sai dai faifan a-kori-kura ya fi ƙanƙanta.

Manyan cikinsu sukan kai tsawon mita 12 zuwa 13, faɗin mita 2.6, tsayi kuma kusan mita 4, wasu da kayansu su haura kilo 9,000. Duk wannan nauyi yana kan shasi, wato ƙashin ƙarfen da ke ƙarƙashin gidan, kuma ƙarfinsa shi ne abin da masu saye da masu ƙerawa suka fi jayayya a kai.

Asali

Sunan ya samo asali daga keken doki mai ƙafa huɗu na ƙarni na 19. A saman aksil na gaba akan kwantar da wani zoben ƙarfe mai kama da ƙafar keke domin aksil ɗin ya riƙa juyawa a kwana ba tare da keken ya kife ba. Shi ne na biyar ɗin. Da motoci suka zo sai dabarar ta bi su. A 1914 wani maƙeri a Detroit mai suna August Fruehauf ya ƙera wa wani ɗan kasuwar katako tirela da za a ja da motar Ford a ɗauki kwalekwale, daga nan kamfanin Fruehauf ya taso a 1918. A wajajen 1915 kuma kamfanin Charles H. Martin ya fito da faifan da ke iya karkata gaba da baya idan mota ta hau tudu ko ta faɗa kwari, abin da ya rage wahalar da ƙarfen tirela ke sha a hanya mara kyau.

Wanda ya kai wannan haɗi ga gidan kwana shi ne Glenn Curtiss, ɗaya daga cikin magabatan ƙera jirgin sama a Amurka. Tun kusan 1919 shi da ɗan'uwansa Carl Adams suka fara sayar da wata tirelar zango, sannan a ƙarshen shekarun 1920 ya fito da Aerocar, wadda aka riƙa ƙerawa a Florida. Ginin Aerocar ya cancanci a tsaya a kansa, domin Curtiss da idon mai ƙera jirgi ya kalli matsalar. Ya yi ƙashin da sandunan katako marasa nauyi, ya ɗaure su da wayoyin ƙarfe da aka gicciya aka ɗame, ya rufe jikin da yadi mai hana ruwa. Bango da rufi da daɓe duk tare suke ɗaukar nauyi, babu wani sashe da yake zaune kawai a kan wani. A wurin haɗi kuwa tayar jirgin sama ya kwantar a bayan motar, turken ya shiga tsakiyarta, iskar cikin tayar tana shanye girgizar hanya kafin ta isa jikin tirelar. Curtiss ya rasu a 1930, aka ci gaba da ƙera Aerocar har zuwa wajajen 1940. Attajirai da kamfanoni ne suka fi sayenta.

Abubuwa biyun da ya damu da su, haɗa bango da ƙashi su zama abu guda da kuma tausasa bugun da ke zuwa ta turke, su ne har yau ake fama da su.

Irin wadda a-kori-kura ke ja ta bazu ne daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Kamfanoni da dama suna iƙirarin su suka fara.

Yadda ake gina shasi

Ƙasan shasin dogayen ƙarafa biyu ne da suka miƙe daga baya zuwa gindin wuya. Galibi masu siffar harafin I ne idan aka yanka aka dubi bakinsu, tsayinsu inci 8, 10 ko 12 gwargwadon girman tirelar. Wasu kamfanonin manyan tireloli suna amfani da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, wani lokaci a ɗora biyu ko uku a yi musu walda. Mai siffar I yana da ƙarfin ɗaukar nauyi daga sama ba tare da shi kansa ya yi nauyi ba, bututu kuma ya fi jure murɗewa. Tsakanin dogayen biyu akwai gajerun ƙarafa da ke haɗa su, a gefe kuma akwai hannaye da suka fito waje suna tallafe bango. Akan ɗan bankara dogayen tun a masana'anta, domin idan an ɗora gidan su miƙe daidai. A tireloli da yawa ana sauke gaban shasin ƙasa kaɗan don a sami babban wurin ajiye kaya, kowane irin sauyin mataki kuwa yana nufin ƙarin mahaɗa da ƙarin walda.

Wuyan shi ne wurin da aka fi sa wa ido. A kansa ɗakin kwana yake, an gina shi da bututun ƙarfe da bai kai na ƙasa kauri ba, kuma babu taya a ƙarƙashinsa. Turken yana ɗaukar kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirelar gaba ɗaya. Tirela mai kilo 7,000 ke nan tana danna kusan kilo 1,400 a kan turke tun tana tsaye. Idan an fara tafiya, kowane rami da kowane taka birki da kowane mahaɗin gada yana ƙara bugu, bugun ya bi ta akwatin ƙarfen da ke riƙe da turke, ya shiga wuya, ya sauka a kusurwar da wuyan ya haɗu da ƙasan shasi. Ƙarfe yana gajiya: kamar waya ce da ake lanƙwasawa ana miƙewa, ba lanƙwasa ɗaya ke karya ta ba, maimaitawa ce. Shi ya sa tsagewa ta fi fitowa a bakin walda da kusurwoyi bayan dubban kilomitoci.

A yawancin tirelolin zamani, ƙarfen wuya shi kaɗai bai isa ba, an tsara shi ne ya yi aiki tare da bangon gefe. Ana kafe bangon a jikin ƙarfen da manyan notuna masu murɗi waɗanda ke kama katakon da aka cusa cikin bututun alminiyam na bangon. Muddin notunan sun kama da kyau, bango da ƙarfe suna tallafar juna. Idan an ɗaura kaɗan, ko an kuskure katakon, ko suka sassauta da tafiya, sai ƙarfen ya riƙa motsi shi kaɗai. Mai tirela yakan fara lura ne lokacin ɗaurawa: yana sauke nauyi a kan mota sai ya ga turken ya ɗaga sama fiye da kima kafin jikin tirelar ya motsa. Daga baya sai tsaga ta bayyana a faiba, wato fatar waje ta bango, daidai kusurwar ƙasa ta ɗakin da ke zamewa waje daga gefen tirela idan an yada zango, ƙofar kabad ta daina rufuwa, bakin ado na waje ya ɓalle daga jikin bango. Ɗan lanƙwasa kaɗan dole ne, kuma an yi lissafi da shi. Inda ake sa-in-sa shi ne iyakar da ya kamata ya tsaya.

Ɗakunan da ke zamewa waje, waɗanda suka yawaita daga shekarun 1990, sun ƙara faɗin ciki sosai, amma kowane ɗaya babban rami ne da aka yanka a bango. Manyan tireloli suna da uku zuwa biyar, ɗaya daga ciki galibi a kan wuya, wurin da aka fi buƙatar bango cikakke.

Bango da rufi

Bangon da aka fi yi yanzu hawa-hawa ne: faiba a waje, siririn falanki, ƙashin alminiyam da kumfa mai hana zafi a tsakiya, sai falankin ciki, duk an manne su da gam ta hanyar matsewa. Ruwa ne babban abokin gabansa. Idan ya shiga ta bakin taga ko ta rufi, falankin katako ya jiƙe ya kumbura, faiban ya saki ya yi ƙulli, bangon ya rasa ƙarfin da wuya ke dogaro da shi. Wasu kamfanoni sun koma falankin roba irin na Azdel wanda ba ya ruɓewa. Rufi galibi shimfiɗar roba ce a kan katako.

Ƙafafu

Yawanci aksil biyu ne, manya kuma uku, a kan sifirin mai ganye. Maratayan sifirin da aka yi wa walda a ƙasan shasi suna shan wahala idan ana juya tirela a matsattsen wuri, saboda tayoyin suna jan ƙasa ta gefe. Tsagewar marataya na cikin gyare-gyaren da masu walda suka fi yi. A jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa tana ƙara nata.

Masu ƙerawa

Cibiyar wannan sana'a ita ce Elkhart da kewayenta a arewacin jihar Indiana, inda ake ƙera mafi yawan motoci da tirelolin kwana na Amurka. Kamfanoni uku ne suka mamaye kasuwar. Thor Industries, wanda aka kafa a 1980, ya sayi Keystone a 2001, Heartland a 2010, Jayco a 2016. Forest River, wanda Peter Liegl ya kafa a 1996, ya koma hannun Berkshire Hathaway a 2005. Winnebago kuma ya sayi Grand Design a 2016, shekara huɗu bayan kafa Grand Design ɗin.

Abin da mai saye da yawa bai sani ba shi ne, sunan da ke jikin tirela sau da yawa ba na wanda ya ƙera shasin ba ne. Kamfanin Lippert, wanda ya faro a Michigan a 1956, shi ke yi wa galibin waɗannan kamfanoni shasi, su kuma su ɗora gida a kai. Wannan rabon aiki ya sauƙaƙa farashi, amma ya raba alhaki a daidai wurin da ƙarfe da bango suke haɗuwa. Idan tsaga ta fito, mai shasi yana iya cewa bisa tsarin da aka ba shi ya yi, wanda ya ɗora gidan kuma ya ce matsalar ta ƙarfe ce, mai tirela yana tsakiya. Akwai ƙananan kamfanoni da ke ƙera nasu shasin da kansu, irin su Northwood a La Grande ta jihar Oregon da New Horizons a Junction City ta jihar Kansas. Tirelolinsu sukan fi nauyi da tsada, kuma suna buƙatar babbar mota. A ɗaya gefen akwai ƙananan tireloli irin na Scamp da Escape, waɗanda jikinsu faiba ce da aka zuba a mazubi, mahaɗa kaɗan, nauyi kaɗan.

A 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgi, masana'antun suka fitar da motoci da tirelolin kwana kusan 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Zuwa 2023 ya faɗo zuwa kusan 313,000. Masu gyara da masu saye da yawa suna ganin gaggawar waccan shekara da ɗaukar sababbin ma'aikata sun taɓa ingancin aiki.

Takaddamar lanƙwasar wuya

Daga 2023 koke-koke kan tsagewar wuya suka yawaita, musamman a kan manyan tireloli. A 2024 Grand Design ya tsawaita garantin shasi zuwa shekara biyar, a ƙarshen shekarar kuma hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, ta buɗe binciken farko kan samfuran kamfanin, Solitude da Momentum, na 2017 zuwa 2023, fiye da guda 55,000. Masu ƙorafi suna ɗora laifi a kan tsari da ɗaurin notuna. Masana'antu suna cewa abin ya shafi kaso kaɗan, suna kuma nuna lodin da ya wuce kima, da sauya akwatin turke ba da izini ba, da zama a cikin tirela shekara cur alhali an yi ta ne don hutu.

Lodi da dubawa

Kowace tirela tana da takarda a jikinta mai nuna iyakar nauyin da aka yarda ta kai da na kowane aksil. Ratar da ke tsakanin nauyinta babu kaya da wannan iyaka ita ce abin da za a iya lodawa, kuma a wasu manyan tireloli masu kayan ƙawa da yawa ratar ƙanƙanuwa ce. Ruwa kaɗai yana cinye ta: tanki mai lita 300 kilo 300 ne. Injin wanki da batura da janareto galibi a gaba ake sa su, nauyinsu ya tafi kan turke. Masu lura sukan hau sikelin manyan motoci su auna kowane aksil dabam. Wasu suna sa akwatin turke mai roba ko jakar iska don rage bugu, sai dai sauya haɗin zuwa na ƙwallon ƙarfe ta hanyar dogon maƙali yana ƙara wa wuya wahala, kuma yakan soke garantin shasi.

Hatimin ƙungiyar masana'antun, RVIA, da ake mannawa a bakin ƙofa ya fi shafar wutar lantarki da gas da famfo da kariyar gobara. Mai sayen ta-hannu yakan ɗauko mai dubawa mai zaman kansa ya buɗe rufin ƙasan wuya, ya haska tocila a bakin kowace walda, ya gwada notunan bango da sifana, sannan ya auna yawan motsin turke lokacin da ake sauke nauyi a kan mota.