Me ake nufi da "an same shi da ciwon hanta"?

Tun da Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024, "ciwon hanta" ya shiga bakin kowa, daga waliyyan amarya har masu tallar magani a rediyo. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake kiran mutum uku da suna ɗaya: mai shawara da idonsa ya yi rawaya, da wanda cikinsa ya kumbura yana kwance, da saurayin da lafiyarsa ƙalau, takarda kawai aka miƙo masa a ɗakin gwaji.

Wancan gwajin na 'yan mintuna, da ake ɗiga jini a kan ɗan tsinke, HBsAg yake nema, wato rigar da ƙwayar cutar hanta nau'in B ke sanye da ita. Wani likitan Amurka, Baruch Blumberg, shi ya fara ganin ta a shekarun 1960 cikin jinin wani ɗan asalin Ostareliya, bai ma san ta hanta ba ce a lokacin. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce Ranar Ciwon Hanta ta Duniya. To ganin riga ya nuna mai ita na gida, amma bai faɗi ko barci yake ko ɓarna yake ba.

Sai rigar ta wuce wata 6 a jini ake cewa cutar ta zauna. Daga nan aikin likita yake farawa: a duba ALT, wani sinadarin hanta da ake aunawa a jini, don ganin ko hantar na kumburi, a ƙirga yawan ƙwayar a jini, a auna taurin hantar da na'urar FibroScan, ko da lissafin APRI da ake yi daga sakamakon gwajin jini inda babu na'urar, a kuma yi hoton ciki. Wani za a ɗora shi kan maganin tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum. Wani a ce ya riƙa dawowa ana dubawa kawai. Nau'in C kuwa maganin mako 12 yana warkar da mafi yawan masu shi.

Ni a ganina sunan ma ya cuce mu, domin hanta takan yi shekaru tana lalacewa ba tare da ciwon komai ba. Shi ya sa mai tsimi yake cin kasuwa: ya ba ka jarka, ka ji garau, alhali dama garau kake.

Kuma a daina kallon saurayin nan da zargin neman mata. A ƙasashenmu yawancin masu B tun suna ƙanana suka ɗauka, wasu daga uwa wurin haihuwa. Jariri 9 cikin 10 da suka kamu a lokacin, cutar zama take yi, shi ya sa ake son allurar rigakafin farko cikin awa 24 da haihuwa. Amaryar da ba ta da cutar ita ma rigakafi za a yi mata.