Koyon Na'ura na Haɗin Gwiwa a Binciken Sankarar Fata

Koyon na'ura na haɗin gwiwa hanya ce ta koya wa kwamfuta gane cuta ba tare da an kwashe bayanan majinyata daga asibitocinsu an tara wuri guda ba. Masu binciken kamfanin Google ne suka fito da ita a 2016 saboda wayoyin hannu, daga baya fannin lafiya ya karɓe ta.

A ɗauka asibitin koyarwa na tarayya da ke Birnin Kebbi da cibiyar lafiya ta tarayya da ke Gusau kowanne yana da hotunan fatar majinyatansa. Sai a tura musu manhaja iri ɗaya, ta yi karatunta a cikin kwamfutar kowanne. Lissafin abin da ta koya kaɗai ke fita, a haɗa, a daidaita, a mayar musu, a sake zagayowa. Hoton ƙafar tsohuwar da ta zo daga Argungu yana nan inda aka ɗauke shi. Da yake gwani na iya zaƙulo sirri daga lissafin ma, akan barbaɗa masa ɗan ruɗani da gangan, dabarar da masaniyar kimiyyar kwamfuta Cynthia Dwork da abokan aikinta suka tsara a 2006.

A 2017 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun horar da na'ura da hotuna 129,450, ta yi kafaɗa da kafaɗa da likitocin fata 21 wajen gane sankarar fata. Sai dai fatar Turawa ce ta cika manyan rumbunan hotuna, irin su HAM10000 mai hotuna 10,015 daga Ostiriya da Ostireliya. Ga baƙar fata kuwa, melanoma, wato wani nau'in sankarar fata, ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, inda manomi zai ɗauka kaushi ne ko sukar ƙaya, har ta ci jiki. Zabiya kuma zafin rana ke jawo musu tasu sankarar tun suna matasa. Na'urar da ba ta taɓa ganin irin wannan fata ba za ta yi ta kuskure a kanta, kuma wannan babban rashin adalci ne.

Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Ko ba doka, wace mace ce za ta so hoton jikinta ya tsallaka ƙetare?

Cikas ɗin da ke gaban koyon na'ura na haɗin gwiwa su ne wutar lantarki, intanet, da ƙarancin likitocin gwajin nama, domin hoton da ba a tabbatar da cutarsa a ɗakin gwaji ba, bai isa a koyar da na'ura da shi ba.