Waiwaye: Ɗakunan Taruwar Jama'a a Unguwar Hampstead Garden Suburb

Duk wanda ya hau tudun da ke tsakiyar unguwar Hampstead Garden Suburb a arewacin Landan zai tarar da fili mai ciyawa, coci biyu suna fuskantar juna, ga kuma wani dogon gini mai hasumiyar agogo a gefe. Abin da zai fi jan hankalinsa shi ne shirun wurin. An gina filin ne domin mutane su haɗu, amma sau da yawa ba ka ganin kowa sai 'yan makaranta.

Mafarin labarin wata mata ce, Henrietta Barnett. Ita da mijinta Samuel sun shafe shekaru suna aiki cikin talakawan Whitechapel a gabashin Landan, inda suka kafa Toynbee Hall, cibiyar taimaka wa marasa galihu, a 1884. Ta ga yadda cunkoso ke cin rayuwar mutane da idonta. Da aka ce jirgin ƙarƙashin ƙasa zai iso Golders Green, daf da Hampstead, ta san masu gine-gine za su yi wa gonakin yankin caa. Sai ta riga su. Aka sayi eka 243 daga hannun makarantar Eton, aka fara aiki a watan Mayun 1907, Raymond Unwin ne ya tsara unguwar.

Burinta shi ne mai kuɗi da lebura su zauna wuri guda. Ta hana katanga tsakanin gidaje, sai shingen itatuwa. Ta hana buga ƙararrawar coci. Ba mashaya, kantuna kuma aka tura su bakin unguwa, a Temple Fortune. A ganinta, ibada da neman ilimi su ne za su haɗa kan jama'a, don haka ta ba su wuri mafi tsayi. Edwin Lutyens, wanda daga baya ya zana manyan gine-ginen sabon birnin Delhi, shi ya tsara filin: cocin St Jude na ɗarikar Anglican da aka keɓe a 1911, cocin Free Church na sauran ɗarikun, da Institute, wato cibiyar karatun manya, wadda aka buɗe a 1909. A 1913 'yan ɗarikar Quaker ma suka samu nasu ƙaramin ɗakin a kusa.

Sai dai ginin da ya fi taɓa mini zuciya ba a kan tudun yake ba. A gangare, gefen da aka gina wa masu sana'ar hannu ƙananan gidaje, akwai Club House a bakin filin Willifield Green. Nan mutum kan leƙa bayan ya tashi daga aiki, ya sha shayi, ya duba jarida, ya yi wasa da maƙwabta, ba sai ya canza riga ko ya hau tudu ba. Wuri ne na yau da gobe, a kan hanyar kowa. A 1940 bam ɗin Jamus ya rusa shi. Bayan yaƙi ba a mayar da shi yadda yake ba. Gidaje suka ci wani ɓangare na filin, a 1957 aka gina Fellowship House, ƙaramin zaure da ya fi hidimar dattawa. Rashin nan ya yi wa unguwar giɓi babba, domin cocin kan tudu ba ya maye gurbin wurin hira.

Lokaci kuma ya sauya mazauna. Barnett ta rasu a 1936, a daidai shekarun da iyalan Yahudawa ke ƙaruwa a yankin, har suka gina majami'arsu a titin Norrice Lea, wadda babu ita a tsarin farko. Gidaje suka yi tsada, leburori suka ragu. Ginin Institute ya koma hannun makarantar 'yan mata mai sunan Barnett, wadda aka kafa a 1911, karatun manya kuwa ya bar tudun.

A 1968 aka ayyana unguwar a matsayin wurin tarihi da doka ke karewa, har yau ba ka taɓa taga ko shinge sai da izinin hukumar amintattu da ke kula da unguwar. Duk bazara ana cika cocin St Jude da masu sauraron kaɗe-kaɗe, kuma ana ba da ribar ga ayyukan jinƙai, ciki har da Toynbee Hall ɗin da Barnett ta fara da shi.