Ƙasa ta yi fari, ku daina ƙara mata taki

Tun da aka shiga noman rani, duk lambun da na shiga tsakanin Jiratawa da bakin Gulbin Maradi, abu guda nake tararwa. Bakin fangali ya yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa, albasa ta tsaya cak, bakin ganyen ya ƙone. Mai lambu kuma yana tsugune da bokiti yana dama taki.

Shekaranjiya na iske wani dattijo haka. Na ce, "Baba, me ake damawa?" Ya ce, "Ɗana, shukar ce ke jin yunwa." Ya riga ya juye rabin tiya ta takin zamani 15-15-15 a bokiti ɗaya, ruwan ya yi kauri har hannunsa na zogi. Na tona gindin albasa guda na nuna masa. Ƙasa jiƙe sharkaf, saiwa kuwa ta yi ja ta motse.

Ƴan'uwa, wannan ba yunwa ba ce. Ƙishirwa ce a tsakiyar ruwa. Takin zamani dangin gishiri ne. Ku yanka tumatir ku barbaɗa masa gishiri ku ga yadda ruwansa ke tsiyayewa. Haka saiwa ke yi. Rana ta shanye ruwan da kuka ba, gishirin ya hau sama ya zauna, ku kuma ku zo ku ƙara wani. Haba jama'a! Sau nawa za mu faɗa?

Na san ba ganganci ba ne. Wanda ya ci bashi ya sayi buhu mai kilo 50, ya sayi man injin ban ruwa, ba ya iya naɗe hannu yana kallon shuka na mutuwa. Amma kuɗinku ne kuke ƙona gonarku da shi, abin da ke ƙona mini rai ke nan.

Masu bincike ma ba su yarda da ido ba. Irin sautin nan da ake duba mai juna biyu da shi a asibiti, shi suke turawa cikin ruwan taki. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, in abin da ya narke ya ƙaru sai gudun ya ƙaru, da haka suke gane kaurinsa. Su da na'ura suna aunawa, kai kuma ka ɗiba da tafin hannu ka ce ya yi daidai? Ko gero na damina, giram 6 kacal muke cewa a sa a rami, cikin murfin kwalbar lemo.

In kun ga farin nan: ku ajiye taki tukuna. Ku yashe magudana, ku ba fangali ruwa mai yawa ya nutse da gishirin zuwa ƙarƙashin saiwa, yayyafi kullum tara shi yake. Ku sa takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Ku rufe ƙasa da kara ko ciyawa. Albasa ba ta jure gishiri, a kai ta wani fangali. In shuka ta farfaɗo, taki kaɗan-kaɗan, nesa da gindi, a bi shi da ruwa.

Dattijon nan na karɓi bokitinsa da kaina, na ce zan dawo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Wanda lambunsa ya yi fari ya ɗebo ƙasar a leda, ta sama daban ta ƙasa daban, ya same ni can lambun dattijon.